Ruwa ya kwana sati uku a gona, masara ta ƙi tashi: me ya samu ƙasar?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce gonarka hekta ɗaya da rabi ce a gefen kogin Logon ta wajen Yagwa a arewacin Kamaru, ruwan 2024 ya kwana a cikinta sama da sati uku, da ya janye ka barta haka nan har damina ta zagayo, ka shuka masara ka zuba taki kamar yadda ka saba amma ta tsumbure, ganyen ya koma shunayya, ga maƙwabcinka yana ce maka ai ambaliya taki ne kyauta daga Allah, wani malamin gona kuma ya ce ka yi shukar rufe ƙasa. Kana so ka san wa ke da gaskiya a cikinsu.

Toh Alhaji duk su biyun ba wanda ya yi maka ƙarya. Na yi shekaru ina aikin gona tsakanin Garwa da Marwa har zuwa Kuseri, kuma abin da na fi yawan faɗa wa mutane shine kalmar ambaliya ɗaya ce a baki amma ruwan kala-kala ne a gona. Akwai wanda ke zuwa a hankali ya kwanta ya ajiye laka ya tafi, akwai wanda ke zuwa da gudu ya kwashe saman ƙasa ya zubo maka yashi, akwai kuma wanda ke zuwa ya zauna ya ƙi tafiya har ƙasa ta shaƙe. Maƙwabcinka na farkon yake nufi, kai kuma na ukun ne ya same ka.

Na farkon nan alheri ne, ba ko shakka. Duk wanda ya san yayre, wato filin nan da Logon ke malalawa a kai duk shekara daga wajen Pus har zuwa Waza, ya san da ruwan nan ake rayuwa, kifi da kiwo da shinkafa da masakwa, dawar nan ta rani, duk a kansa suke. Ruwa ne da ya yi doguwar tafiya daga tsaunukan Adamawa da ƙasar Afirka ta Tsakiya, yana ɗauke da lallausar ƙasa, in ya bazu a fili gudunsa ya mutu sai ya sauke ta siririya kamar an shafa, shekara bayan shekara. Kuma mun ga abin da ke faruwa in aka hana shi zuwa. Da aka gina madatsar ruwa ta Maga a 1979 saboda shinkafar Semry, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, aka ja dig wato ganuwar tare ruwa a bakin Logon, ga fari ya biyo baya, babban yanki na yayre ya daina samun ruwa, ciyawar nan mai dawwama da shanu ke dogaro da ita ta mutu, kifi ya ragu, mutane suka yi ta ƙaura. Sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwa hanya a wani ɓangare, a hankali ciyawa ta fara dawowa, makiyaya da masunta suka dawo. Haka a bakin tafkin Cadi, Darak da Bulanguwa, mutane na bin ruwa yana janyewa suna shuka masara da wake, da yawansu ba su san kuɗin buhun taki ba. To ka ga maƙwabcinka ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba.

Na biyun shine ruwan mayo, wato kogin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani, irin na Mayo Tsanaga da Kaliyawo da ke saukowa daga duwatsun Mandara, ko kuma inda dig ya ɓalle ruwa ya kutso ta ƙaramar kafa da ƙarfi. Shi wannan ɓarawo ne, saman ƙasa yake ɗauka, ɗan tafin hannun nan baƙi-baƙi da duk albarkar gona ke ciki, in ya gaji kuma ya zube yashi fari tas wanda ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki. Ko a gonarka ina so ka duba wannan, dan sau da yawa gona ɗaya gefe guda laka ce ta sauka gefe guda yashi. Ka ɗau fartanya ka haƙa rami kamar kamu ɗaya a wuri huɗu ko biyar, za ka ga layin da sabuwar ƙasa ta tsaya tsohuwa ta fara, launinsu ba ɗaya ba ne. In kana shakkar ko mece ce ta sauka, ka ɗebi cikin hannu ka zuba a gorar ruwa ta roba, ka cika da ruwa ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi cikin minti ɗaya ya kwanta, lallausar ƙasa sai ta ɗau awa ɗaya ko biyu, laka kuwa har washegari ruwan bai washe ba. In yashin bai wuce santimita 5 ba, huɗa ta yau da kullum za ta cuɗa shi da ƙasar ƙarƙashi, ba komai. Daga 5 zuwa 20 sai an yi kaftu mai zurfi an haɗa da takin gida. In ya wuce haka gaskiya sai an kwashe ko an baza shi, in ba haka ba saiwar yabanya ba za ta kai ga ƙasar kirki ba kafin ta galabaita.

Yanzu mu zo kan naka. Ƙasa tana numfashi Alhaji, mutane da yawa ba su ɗauki wannan da gaske ba. Ƙasa mai lafiya kusan rabinta ƴan ƙofofi ne, wasu ruwa a ciki wasu iska, kuma saiwa da tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani duk da iskar nan suke rayuwa. In ruwa ya rufe gona ya cika ƙofofin nan, iskar da ta rage a zafin ƙasarmu ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu ta ƙare, sabuwa kuma ba ta shiga dan tafiyar iska a cikin ruwa ta fi ta sarari jinkiri kusan sau 10,000. Shi yasa ƙaramar masara in ruwa ya rufe ta kwana uku huɗu ta tafi kenan, wake da gyaɗa ma haka, dawa ce mai ɗan haƙuri, shinkafa kuwa ita Allah ya yi mata hanyar jan iska daga ganye zuwa saiwa. Daga nan sai wasu ƙwayoyin halitta da ba ruwansu da iska su karɓe wurin, su ne ke sa ka ji ƙasa na warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka ga launinta ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi da ɗigon tsatsa. Kuma abin da suka fara ci shine naitrojin, sinadarin nan da ka ke saye a buhun yuriya, su mayar da shi iska ya tashi sama, wanda ya rage kuma ruwa ya wanke shi ya gangara ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Buhun yuriya mai kilo 50 naitrojin ɗin cikinsa kilo 23 ne, in ka zuba shi sati ɗaya biyu kafin ruwan ya shigo, kar ka lissafa shi cikin abin da gona ta ajiye maka, ya tafi.

Amma rashin naitrojin rawaya yake sa ganye, yana farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa. Kai shunayya ka gani, kuma ruwa ba ya tsami banza. Shunayya a ƙaramar masara alamar yunwar fosfat ce, kuma abin da zai ba ka mamaki shine fosfat ɗin yana nan a gonarka bai je ko'ina ba, shi ba ya bin ruwa kamar naitrojin, maƙalewa yake a jikin ƙasa, masarar ce ta kasa kaiwa gare shi. Akwai wata funfuna mai amfani da ke zama a jikin saiwa, masana na ce mata maikoriza, zare ne siriri fiye da gashi sau da yawa, yana fita daga saiwa ya ratsa ƙasa ya ɗebo fosfat da zinki ya kawo wa shuka, ita kuma shuka ta ba shi abinci daga abin da ganye ya haɗa. Cuɗe ni in cuɗe ka kenan. Funfunar nan ba ta iya rayuwa mai tsawo sai a jikin saiwa mai rai kuma sai da iska. Ruwa ya kashe shukarka, ya kashe ciyawa, ya zauna sati uku, sannan gona ta zauna tsirara wata bakwai ko takwas ba ko ɗan tsiro, to me za ta ci? Ta ragu ƙwarai. Ga kuma wani abu, ƙasar da ta jiƙe ta shaƙe in ta bushe tsatsar ƙarfen da ke cikinta na sake kama fosfat ta riƙe gam. Masara kuwa tana cikin shukar da ta fi dogaro da funfunar nan tun tana ƙarama, haka auduga, haka albasa, ita albasa ma ta fi kowa dan saiwarta gajera ce ba ta da gashi sosai. Masu albasa a bakin mayo su riƙe wannan.

Abin da zai kwantar maka da hankali shine wannan ciwo ba mai zama ba ne, yawanci damina ɗaya yake ci, da zarar saiwa mai rai ta dawo ƙasa funfunar na sake yaɗuwa. Abin da ya fi damuna a labarinka shine watannin nan da gonar ta zauna a buɗe. Lakar da ruwa ya bari in rana ta buge ta tana yin ɓawo kamar kasko, iskar hunturu ta kwashe mai laushin, ruwan farko na bazara ya faɗo a kai ya gangare bai shiga ba. Da ko ciyawar banza ce ta tsiro ka barta, da ta yi maka aiki.

Wani abu kuma da nake roƙon mutane a kai kullum, kar a yi gaggawar shiga gona da tarakta ko garmar shanu ƙasa na jiƙe. Na san halin da ake ciki, an yi asara ana so a maido da wani abu kafin danshi ya gudu, amma laka in aka taka ta tana da ruwa dunƙulewa take, ƙarƙashin inda garma ta tsaya ya zama kamar daɓe, kuma wannan ɓarnar ta fi ta ambaliyar daɗewa, sai ta yi shekaru. Ka ɗebo ƙasa daga zurfin tafin hannu ka murza, in ta yi igiya tana sheƙi ka koma gida ka ƙara kwanaki, in ta farfashe to bismillah.

Toh shukar rufe ƙasa da malamin gona ya faɗa maka, ma'anarta dai shuka ce da ake yi dan ƙasa ta amfana ko da mutum bai kai komai rumbu ba, ganyenta ya kare ƙasa daga rana da dukan ruwa, saiwarta ta huda ƙasa ta buɗe hanyar iska ta ciyar da halittun nan, in ta mutu ta zama taki. A wurin da ruwa ya janye a Oktoba ko farkon Nuwamba, ba sai ka je neman wani baƙon iri ba, wake ne a gabanka. Da zarar ƙafa ta daina nutsewa ka bi da sanda ko sungumi ka shuka shi a danshin da ruwa ya bari, ba huɗa ba komai, ka matse tazara fiye da yadda ka saba dan rufewa ake so. Mai saurin nuna na kwana 60 zuwa 70 zai iya ba ka ɗan abin kaiwa gida in ƙasar na riƙe ruwa, mai yaɗo kuma ya fi rufe ƙasa ya fi harawa. In kana da ragowar dawa ko gero a rumbu ka watsa kaɗan a tsakani, ko ba su yi kai ba saiwarsu ta yi aikin da ake so. Kankana da kabewa ma na rufe ƙasa. Wanda ba zan ba ka shawara ba a wannan gaɓa shine kabeji da alayyafo, ba dan ba su da kyau ba, su dai ba sa hulɗa da funfunar nan sam, ko ka cika gona da su ba su ciyar da ita ba. Kuma ko sati shida kawai shukar ta yi a raye kafin danshi ya ƙare, ta fi babu nesa ba kusa ba.

Game da wake akwai gaskiyar da ba a cika faɗa wa manoma ba. Ana cewa wake na ƙara wa ƙasa taki, eh haka ne, in ka tuge guda bayan wata ɗaya za ka ga ƴan ƙulli-ƙulli a saiwa, ka fasa da farce, in cikin ja-ja ne kamar nama to suna aiki, suna jan naitrojin daga iska, in fari ne ko kore ba sa yin komai. Amma mafi yawan naitrojin ɗin yana tafiya ne cikin ƙwaya da ganye. In ka roro waken, ka tuge harawa har saiwa ka ɗaure ka kai kasuwa, abin da ka bar wa gona kaɗan ne ƙwarai. Kuma ba zan ce maka kar ka taɓa harawa ba, na san kuɗin da take yi a watan Afirilu da Mayu, na san akwai tumaki a gida. Abin da nake cewa, ka yanka da lauje ka bar saiwa a ƙasa, ka bar ko kashi ɗaya cikin uku a gonar, abin da dabbobi suka ci kuma kashinsu ya dawo gonar nan da aka ɗebo, kar ya tafi wata.

In wani ɓangaren gonar karal ne, baƙar lakar nan mai tsagewa da rani, to masakwa ce maganarsa, wadda Fulani ke ce wa muskuwari, ƴan Cadi su ce berbere. Ni a ganina kakanninmu sun riga masana gano yadda ake cin moriyar ambaliya da wannan noma, a bar ƙasa ta sha ruwa duk damina, a yi ƴan kunyoyi su tare shi, a yi rainon iri a gefe a watan Agusta zuwa Satumba, ruwa na janyewa a huda rami da sanda mai tsini a zuba ɗan ruwa a dasa, tazara kamar taku ɗaya, ba sauran ruwan sama har a girbe a Janairu ko Fabrairu. Kuma in ka lura ciyawar da ke fitowa a karal da damina ai ita ce shukar rufe ƙasarsa, ita ke rage gudun ruwa har ya samu ya shiga, saiwarta ke riƙe da ran ƙasar. Karal ɗin da ciyawa ta daina fitowa a kai ya kama hanyar zama harde, ƙasar nan mai tauri da ruwa ba ya shiga. Inda nake da magana shine ƙonawa. Na san dalilin, wuta na share fili da sauri tana rage ƴaƴan ciyawa, toka kuma na barin ɗan sinadari, amma naitrojin da ke cikin ciyawar duk hayaƙi yake bi, ƙasa kuma ta zauna a buɗe tana tsagewa danshi na fita ta tsagar. Ka gwada a kar ɗaya, kwatan hekta kenan, ka yanke ciyawar ka kwantar da ita tsakanin layuka ba wuta, ka kwatanta da na kusa da shi lokacin da kai ya fara fitowa.

Akwai kuma irin na damina, wanda ake shukawa tare da hatsi. Wannan an yi aiki a kansa sosai a yankin auduga tun farkon shekarun 2000, kamfanin auduga na Sodecoton da cibiyar binciken noma ta IRAD da masu bincike na Faransa, ƙarƙashin shirin nan na ruwa da ƙasa da itace da ake kira ESA. Abin da ya fi yaɗuwa shine ciyawar birakiyariya da ake sawa tsakanin layin dawa ko masara, in an girbe a bar kara da ciyawar a kwance, damina mai zuwa a shuka auduga kai tsaye cikin shimfiɗar ba huɗa. Na ga gonakin da aka yi haka shekara uku a jere, ka tura hannu ƙarƙashin shimfiɗar da tsakar rana ka ji sanyi da laima, ga ramukan gara da tana ko'ina, ruwan sama na sauka yana shigewa, ƙuduji ma na raguwa. Sai dai a sani ciyawa ce, ba ta kawo naitrojin, a shekarun farko ma ci take, busasshiyar ciyawa in tana ruɓewa tana aron naitrojin daga ƙasa, dole ka ɗan ƙara yuriya in ba haka ba shuka ta yi rawaya ka ce dabarar ce ba ta da kyau. Kuma kar a shuka ta rana ɗaya da hatsi, a bari hatsi ya yi sati biyu uku ya kama ƙasa. Masu kawo naitrojin su ne dangin wake, korotalariya mai furen rawaya da muke ce wa biya-rana, wadda amfaninta dabbobi ba sa son ta dan haka tana kwana a gona, da mukuna wato ƙarara irin wadda ba ta ƙaiƙayi, ita in ta kama sosai tana danne ciyawa tana barin abin da ya kai buhu ɗaya zuwa biyu na yuriya a hekta. Amma mukuna na son damina mai tsawo, ta fi dacewa da Garwa zuwa kudu inda ruwan shekara ke kai milimita 1000, a Marwa mai kusan 800 sai an shuka da wuri, Kuseri da Injamena kuwa da ke wajen 500 zuwa 600 ban ba da shawararta ba.

Ga wani kuskure da na sha gani, a ɗauko birakiyariya ko mukuna a kai kwari inda ruwa ke kwanciya, su ruɓe, a ce an yaudari mutane. Duk biyun ba sa jure ruwa a gindi, na tudu ne. A kwari abin da ke yi shine zamarke, wanda ke fitowa da kansa a bakin fadama mutane na sarewa suna zubarwa, alhali dangin wake ne mai son ruwa, akwai ma irin da ƙullin naitrojin ɗinsa a jikin kara yake fitowa. A bar shi ya yi kwana 45 zuwa 60 a sare a binne kafin dashen shinkafa. Ta gefen da ruwa ke shigo maka kuma ka dasa jema layi biyu ko uku a matse, a giciye da hanyar ruwan, gamba a inda ya ɗan fi tudu. Ba za su hana ambaliya ba amma suna karya gudunta, yashi ya zube a bayansu, mai laushin ya wuce cikin gona. Wannan aikin kwana biyu ne da yara, kuma jema ko ruwa ya rufe ta tana sake tohowa.

Yanzu abin da ya fi duk waɗannan wuya, kuma shine dalilin da ya sa dabarar nan ba ta bazu yadda aka so ba duk da kyanta. Shuka abin rufe ƙasa ba wahala, tsare shi daga Nuwamba zuwa Yuni shine aiki. A al'adarmu da an girbe gona ta zama ta kowa, shanu su shiga, mata su ɗebi kara na girki da na danni, yara masu farautar ɓera su sa wuta, abin da ya rage gara ta cinye. Gara ban damu da ita ba sosai, tana ci amma tana huda ƙasa tana mayar da abin ciki. Wuta ce asara tsantsa. Shanu kuwa magana ce ta zama da mutane, kuma ina roƙonka kar ka mayar da ita rigima, mun ga abin da rikicin ruwa da kiwo ya jawo a Logon Birni a 2021, ba wanda ke fatan ya sake gani. Makiyayi shi ma ambaliyar ta ci masa makiyaya. Ka je wurin jauro ko lawan tun kafin kaka, ku da ke maƙwabtaka da juna ku haɗa gonakin da za ku tsare su zama a dunƙule wuri ɗaya, in kuna da GIC, wato ƙungiyar manoma mai rajista, ku yi ta sunanta, a bar burtali a buɗe, a nuna wa makiyaya ga inda za su ci ga inda aka roƙe su su bari, a share faɗin taku uku a kewaye saboda wuta. Kuma in za ka iya, ka yi yarjejeniya da mai garke ya yi mashekari a ɓangaren da yashi ya rufe, shanunsa su ci kara su kwana a wurin sati biyu uku, wlh babu buhun da zai yi wa yashi abin da wannan zai yi masa. Mai gonar haya kuma shi matsalarsa daban, ya gyara ƙasa shekara biyu mai gona ya ga ta yi kyau ya karɓe ko ya ƙara kuɗi, na ga wannan ya faru da wani bawan Allah har ya rantse ba zai ƙara zuba ko kwandon taki a gonar wani ba, kuma ban ga laifinsa ba. In haya ce a rubuta shekaru a gaban shaidu kafin a fara.

Damina mai zuwa in masarar za ka maimaita, kar ka watsa NPK a fili, ka sa shi a rami kusa da iri ranar shuka, cikin murfin kwalbar lemo a kowane gindi, ɗan nesa da ƙwayar kamar yatsu uku dan kar ya ƙone ta. Tunda saiwar ba ta da mai ɗebo mata fosfat daga nesa, sai a kawo mata shi bakin ƙofa. In akwai takin gida da ya ruɓe, cikin hannu ɗaya a ramin. Yuriya kuma kar ka zuba ta gaba ɗaya, ka raba biyu, ka binne, kuma kar ka sa ta ranar da ruwa ke kwance a kwarin kunya ko hadari ya haɗo sosai. A gona irin taka da ruwa ya san hanyarta, ni da zan zaɓa, ɓangaren da ya fi kwari dawa ko shinkafa zan sa, masara ta hau inda ya fi tudu a kan kunya mai tsayi. In akwai ƴan gawo da suka tsiro kar ka sare, shi ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, a ƙarƙashinsa hatsi ya fi kyau, kowa ya sani.

Abu biyu ka duba kafin ka kashe ko sefa ɗaya. In ka ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa bayan ta bushe, ko wani wuri da ruwa ke tsayawa a kai kamar a faranti ba ya shiga, wannan gishiri ne ya taso, takin zamani ba ya maganinsa, sai kunyoyin tare ruwan sama da takin gida mai yawa da haƙuri. In kuma ruwan da ya shigo maka ya ratso ta cikin gari ne, ya kwaso masai da bola da baƙin mai, to kar ka fara da latas ko wani abin da ake ci ɗanye, ka sa hatsi ko wake tukuna.

Ka haƙa ramukan nan biyar, ka gaya min kaurin abin da ya sauka a kowanne da launin ƙasar da ke ƙarƙashi, da ko gonar taka ce ko ta haya, da watan da ruwa ya saba janyewa a wurinku, sai mu san ko wake za a fara sawa ko masakwa. Allah ya ba da damina mai albarka, a gaida mutan gida.